Ramin ƙoco na Askale

Juyin juya hali ya iso ƙauyenmu ɗauke da igiya. An ce a babban birni an gano cewa talaucinmu daga karkacewar gidajenmu ya samo asali, saboda haka kowa zai tumɓuke ɗakinsa ya koma sabon gari, inda aka ja layi ɗoɗar.

Ni ban damu da ɗakin ba. Damuwata ramin da ke bayansa. Kafin matata Askale ta kwanta ciwon ajali, ta kankare inset ɗinmu, shukar nan mai kama da ayaba, ta binne a ramin cikin ganye ya yi tsami, kamar yadda kowace mace take yi. Wannan ƙulli, da muke kira ƙoco, shi ne na ƙarshe da hannunta ya taɓa. Kaɗan-kaɗan nake sa maƙwabciyata Birke ta ɗebo ta gasa mini, tun da namiji ba ya sa hannu a rami.

Shugaban kwamitin ƙaura Shiferaw ne, ɗan wan Askale. Ni na koya masa karatu, ƙasa kuma tana ɗanɗana sakamakon.

"Kwamared Wondimu," in ji shi, "ramukan gida sun zama tarihi. Za a juye duka a ramin gama-kai."

"A da Kawu kake ce mini."

"Da ke nan."

"Littattafan da kake haddacewa na karanta su da Faransanci tun kana yawo ba wando. Babu rami a ciki."

"An ƙara a fassara, Kwamared."

Ranar rushewa na ce wa Birke ta kwashe ramin kaf ta gasa. Ta dube ni.

"Duka, Malam?"

"Duka. Gara a cinye shi da a cakuɗa shi da na matar Tilahun ɗan ƙauyenmu, mai barin zare a ƙoconta."

Masu rushewa suka zauna a inuwa suka ci, suka ƙara. Shiferaw ya gutsura yana tsakiyar bayani a kan tsarin ƙasa ɗaya, sai bayanin ya tsaya. Ya daɗe yana tauna.

"Wannan hannun Gwaggo ne," ya ce a hankali.

"Na jama'a ne, Kwamared," na ce.

Ya cinye rabonsa, ya tsince ɓurɓushin da ke kan ganye da yatsa. Sannan ya miƙe ya ce a cire ginshiƙin ɗakina.

Yanzu ina layi na huɗu. Ƙofata tana kallon ƙofar Tilahun daidai wa daida, matarsa kuma tana aiko mini da ƙoco. Zaren yana nan.