Takwaran Sanata

Duk wanda ya san Yosiya a unguwar Jamaica ta Queens, cikin birnin New York, da Baban Sanata ya san shi. A coci haka ake kiransa, a filin jirgi na JFK inda yake lodin akwatuna ma haka, har waɗanda ba sa jin Hausa sun koya. Shi kuwa in an kira sai ya amsa yana buɗe ƙirji, kai ka ce shi aka zaɓa.

Asalin sunan tun shekara goma sha ɗaya ne da suka wuce. Matarsa Hadassa na da tsohon ciki, sanyin New York ya sauko da ƙarfinsa, na'urar ɗumama gidan da suke haya ta mutu, mai gidan kuma ya daina ɗaga waya. Sai Allah ya kawo Desmond Harwick, sanatan da ke wakiltar yankin a majalisar jiha da ke Albany. Da ƙafarsa ya hau benen, ya taɓa bututun ɗumi ya ji shi kamar ƙanƙara, ya yi ta faɗa a gaban masu ɗaukar hoto, washegari ɗumi ya dawo.

Da aka haifi namiji, Yosiya bai shawarci kowa ba. Sunan mahaifinsa Jang, wanda aka daɗe ana ajiye wa ɗan fari, ya ture shi gefe, ya raɗa wa jariri Desmond Harwick, duka biyun, don kada a zaci wani Desmond ɗin ne. Tsohon yana Jos a lokacin. Da labari ya kai masa, "Allah ya raya" kawai ya ce, bai ƙara tayar da zancen ba har ya rasu. Matan coci kuwa da sunan ya gagari harshensu sai suka yi wa yaron laƙabi da Sanata, ya bi shi.

Ana nan, sai ga Harwick a talabijin wata safiya, hannuwansa a baya, jami'ai na tura shi cikin mota. Zargin da ake masa shi ne cin hanci daga masu gidajen haya, don ya riƙa binne koke-koken 'yan haya. Yosiya ya kashe talabijin ya ce sharrin siyasa ne.

To, sharri ko gaskiya, a makaranta babu mai jiran hukuncin alƙali. In malama ta kira cikakken sunan yaron sai aji ya fashe da dariya. In ya zo wucewa yara su dafe aljihunansu. Yaron da ke dawowa yana surutu tun daga bakin ƙofa ya koma shigowa shiru, ya wuce ɗaki, abinci ma sai an matsa masa.

"Maigida," in ji Hadassa, kuma ya lura ta bar ce masa Baban Sanata, "a ƙasar nan ana canja suna. Mu je kotu a cire masa wannan kaya. Yaron nan ko abincin ranarsa ba ya ci, a jaka nake samunsa."

"Suna riga ce da za a tuɓe don ruwa ya taɓa ta? Mutumin nan ya yi mana rana. Kin manta kina kwana da jaket uku?"

"Ban manta ba. Amma shi yaron me ya ci?"

Yosiya ba mugu ba ne, kuma yana son ɗansa kamar ransa. Sai dai irin mutanen nan ne da in ka ba su ruwa sau ɗaya, har abada kai ne rijiya. A inda ya taso, in masifa ta faɗa wa wanda ya taimake ka, zuwa ake yi a yi masa jaje, kuma takwara ba ya gudun takwaransa. Sai ya yanke a ransa cewa abin da ke damun yaron rashin sanin mutumin ne. In ya gan shi ido da ido, ya ji ya kira shi da sunansa, zai ɗaga kai.

Ranar da za a kai Harwick kotu a Brooklyn, Yosiya ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya jira Hadassa ta fita asibitin da take aiki, ya sa wa yaron kwat ɗinsa ta coci.

"Daddy, I don't wanna go," in ji yaron da Turanci, wai shi ba ya son zuwa.

"Gaisuwa kawai za mu yi, mu dawo."

Bakin kotun cike yake da 'yan jarida da masu zanga-zanga, yawancinsu 'yan haya, har da wata tsohuwa da ta yafo bargo tana nuna wa kyamara. Yosiya ya kau da kai daga gare ta, don bargon ya tuna masa da wani abu. Da baƙar mota ta tsaya, Harwick ya fito, ya rame, gashinsa ya yi fari. Tausayi ya kama Yosiya. Ya kutsa, yana jan yaron, yana kira da Turanci: "Sanata! Ni ne na gidan da ba ɗumi! Ga takwaranka!"

Harwick ya dube shi, kuma a idonsa babu alamar ya taɓa ganinsa. Da ya wuce a haka ma da sauƙi. Amma wata mata cikin muƙarrabansa ta tsaya, ta tambayi Yosiya sunan yaron, ta sake tambaya don ta tabbatar, sannan ta raɗa wa ubangidan nata wani abu a kunne. Nan take fuskar Harwick ta washe. Ya dawo da baya, ya jawo yaron gabansa, ya dafa kafaɗunsa biyu, ya juya shi ya fuskanci kyamarori.

"Ku tambayi wannan uban ko ni wane ne," ya ce da babbar murya. "Wannan yaron sunana yake ɗauke da shi, cikakke. Desmond Harwick! Mutane na sa wa 'ya'yansu sunan ɓarawo ne?"

Daga cikin taron wani ya yi ihu: "Ƙaramin ɓarawo!" Aka yi dariya. Yosiya na kallon ɗansa, ƙanƙane cikin kwat, idonsa a ƙasa, ga hasken kyamara na ta walƙawa a fuskarsa. A nan ne ya tuna cewa ranar sanyin nan ma, masu hoton sun riga sanatan hawa benen. Da aka gama ɗauka Harwick ya saki yaron ya shige ciki, ko hannu bai ba uban ba.

Kafin su kai tashar jirgin ƙasa wayar Yosiya ta fara ruri. Hadassa ce, sai fasto, sai Hadassa kuma. Bai ɗaga ba. A cikin jirgi wani saurayi da ke zaune a gabansu ya dubi wayarsa, ya dubi yaron, ya zunguri abokinsa. Da, 'yan ajinsu ne kawai suka san sunan. Yanzu duk birnin ya san sunan, ya kuma san fuskar, kuma ubansa ne ya kai shi da hannunsa.

Yaron ya matsa can jikin taga, ya ba shi baya. Cikin kunya da baƙin ciki Yosiya ya matsa kusa da shi.

"Sanata," ya ce a hankali.

Yaron ya ƙara mannewa jikin taga.

"Desmond."

Kafaɗar yaron ta motsa kamar an tsikare shi, amma bai juyo ba.

Jirgi ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, rufin gidaje na wucewa. Yosiya ya daɗe yana kallon ƙeyar ɗansa, ƙeya irin ta tsohon nan na Jos sak. Sai ya sunkuya, ya furta sunan da bai taɓa kiran kowa da shi ba a duniya.

"Jang."

Yaron ya ci gaba da kallon taga, don bai san da shi ake ba.