Ƙasar da Badaru Ya Girgiza

Yayana Badaru ya dawo daga jami'a da ilimin da ba wanda ya aike shi nema. Sa'o'insa sun bi harkar man fetur suna ta sayen Fijo, shi kuwa girgizar ƙasa ya karanto, a garin da duwatsunsa ba su taɓa ko motsi ba.

A zauren gidanmu na Birnin Kudu ya shimfiɗa katako, ya jera guntayen itace a kai, ya ɗaɗɗaure su da robar keke, yana ja a hankali. Sai su kafe, robar ta miƙe, can ɗaya ya zame. Yawanci shi kaɗai, wani lokaci ya ja na kusa da shi, jefi-jefi kuma layin duka ya tafi. Ya ce haka duwatsun ƙarƙashinmu suke yi inda suka tsage: ƙananan zamewa ba iyaka, babbar ba kasafai ba, kuma a farkonsu ba ka iya bambancewa. A kan wannan wasan yaran aka ba shi gurbin ƙaro karatu a Turai, yana ta shirin tashi.

Bappa, ƙanen mahaifinmu, ya zo daga Gwaram yi masa sallama, ya tarar da shi tsugune.

"Wai me kake lissafawa ne?"

"Yadda ƙasa take tara matsi shiru-shiru, Bappa, har ta girgiza."

Bappa ya koma gida kansa ya kumbura. Ranar kasuwa, a tasha, ya buɗe murya: "Ɗanmu ne ke lissafin ranar da ƙasar nan za ta girgiza. Gwamnati ma ba ta sani ba, Turawa ke kiransa."

Shekarar da aka harbe shugaban ƙasa ce, ana ta kame. Akwai mai kunne a tashar.

Sojoji suka zo suka kwashi Badaru har da katakonsa. Bappa ya bi su Kano da ƙyar ya samu ganin hafsansu, ya dinga buga ƙafa a daɓe yana rantsuwa.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ta takawa nake nufi. Wannan."

"Ai ita muke tsaro," in ji hafsan.

Sai bayan damina aka saki Badaru. Gurbin an ba ɗan wani, sunansa kuma ya ɓaci a duk ofishin da ya leƙa. A gyaran rediyo ya ƙare, bakin kasuwa. Bai taɓa ɗaga wa Bappa murya ba. Ni ce na kasa haƙura, har yau abin yana ci min rai.

Kalmar "ƙasa" ce kawai ya daina faɗa. Rannan jikana ya yi tuntuɓe ya faɗi a gabansa, Badaru ya miƙa masa hannu, ya buɗe baki, sai na ga ya dakata.

"Tashi daga turɓaya," ya ce.