Kujerar Baba

Tun da idon Baba ya yi hazo likita ya hana shi tuƙi, motar da yake raba burodi da ita ta zauna a ƙofar gida tana shan rana. Masu gidan burodin sun ce za su ɗan jira, amma jiran ɗan kasuwa ba ya nisa. Ana cikin haka Umma ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce ita za ta koyi mota, ta karɓi aikin. Na yi dariya, ta harare ni, na haɗiye sauran.

Baba dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Umma kuwa sai ta taka turmi take sauko da tukunya daga kan kabad. Kullum da hantsi mukan tafi wani fili bayan rumbunan ajiye kaya, ita a sitiyari, shi a gefenta yana koyar da ita da kunne, ni a baya ina yi masa ido.

"Injin yana kuka, sa masa giya ta biyu," yake cewa. Ta kuwa iya, don Umma in ta kafe a kan abu ko jaki sai ya sallama mata.

Ƙafarta ce ta ci amanarta. Ranar gwajin lasisi, a tsakiyar mararraba, jijiyar sha-raɓarta ta hagu ta ɗaure tamau kamar dutse. Ta saki kulochi babu shiri, mota ta yi tsalle ta mutu. Mai gwajin ya ce ta dawo wani lokaci. Ta iso gida tana ɗingishi, ranta a ɓace, ko ruwa ta ƙi sha.

Goggo, ƙanwar Baba, nas ce. Ta zo ta tattaɓa ƙafar, ta ga babu kumburi babu ja, ta ce, "Matar yaya, ruwa ba ya tsami banza. Kina shan ruwa kafin ki fita?"

"In sha, fitsari ya matse ni a titi?"

"To ga shi nan. Ki yi ta zufa a mota babu ruwa a jiki, ai dole tsoka ta yi fushi."

Ta nuna mata yadda za ta dafa bango, ta mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, har ta ji sha-raɓar ta miƙe. In kuma ta ɗaure, ta miƙe ƙafar ta jawo yatsu wajenta, ta murza a hankali, ta gasa da tsumma mai ɗumi. Umma ta riƙe wannan kamar karatu. Safe da yamma tana ture bangon tsakar gida, har Baba ya ce a yi mata magana kada ta rushe mana gini.

Ciwon ya yi sauƙi, amma da ta daɗe a mota sai ya dawo. Rannan Goggo ta biyo mu filin, ta leƙa ƙarƙashin sitiyari, ta riƙe haɓa.

"Da kan yatsu kike taka kulochi? Kina miƙa ƙafa kamar mai tsinko mangwaro. Matso da kujerar mana."

"A bar ta yadda take," in ji Umma.

"Don me?"

Umma ta rage murya, ta manta kunnen mai gidan ya fi idonmu. "Aro na yi. In idonsa ya washe, ya tarar da ita inda ya bar ta."

Haushi da tausayi suka kama ni lokaci guda. Duk mun ji likita da kunnenmu, idon ba zai washe ba.

Da safiyar gwaji na biyu Umma ta sha ruwanta, ta ture bangonta, ta fito. Muka tarar da Baba durƙushe a ƙofar direba yana lalube ƙarƙashin kujera. Ya kama ƙarfen ya ja, ya ƙi don tsatsa. Ya sa kafaɗa ya tura da ƙarfi, kujerar ta yi ƙara ta matsa gaba.

"Malam, me ka yi haka?"

"Shiga ki taka, Direba."

Ta shiga. Tafin ƙafarta ya zauna sosai a kan kulochi, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ta daɗe tana kallon gilashi, sannan ta share ido da bakin mayafi ta tayar da mota.

Da azahar ta dawo, ta ci gwajin. Baba ya tare ta a ƙofa.

"Ƙafar fa?"

"Ko tari ba ta yi ba."

Ta fito daga motar ta bar masa ƙofar direba a buɗe. Ya laluba ya gwada zama, gwiwoyinsa suka daki sitiyari. Ya ɗan jima a haka hannunsa a kan giya, sannan ya sauko ya zagaya ɗaya gefen.

"Ta yi mini kaɗan," ya ce. "Gobe da wuri za mu ɗauki burodi, ni zan riƙa faɗa miki shagunan."