Tukunyar Baba Mai Taya Huɗu

Shekarata biyar sa'ad da Baba ya yi ritaya daga soja. Ban taɓa ganinsa da bindiga ba, don shi kuku ne. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana dafa wa bataliya abinci a tukunya guda, wadda ya ce sai an taka tsani ake leƙa cikinta, kuma ranar wanki ƙarti biyu ke shiga da soso ba mai taka wani. Da aka tambaye shi abin da yake so a ba shi na sallama, bai ce agogo ba, bai ce rediyo ba, ya ce tukunyar. Dama an kawo sabbin tukwane masu aiki da gas, ita kuwa bayan sito za a jefa ta. Aka ce an ba shi.

Ranar da za a kawo ta, Inna ta share tsakar gida sau biyu, Baba ya sa aka cire ƙyauren gida don kada kunnen tukunyar ya maƙale. Wajen hantsi wani soja ya yi sallama da takarda a hannu. Baba ya sa hannu tun a zaure, bai ko leƙa waje ba, saboda ɗoki. Da muka fita sai muka tarar da wata tsohuwar jif ta soja, koriya, ba rufi, da shebur da gatari ɗaure a gefenta, tana ta huci kamar ta yi tsere.

Baba ya tambayi sojan ina tukunyarsa. Sojan ya nuna motar da haɓa. Baba ya ce wannan ai mota ce. Sojan ya buɗe takardar ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa:

"Tukunya ɗaya, ta ƙarfe, mai kunne biyu, babu murfi."

Ya ƙwanƙwasa jikin motar, ƙarfe ne. Ya taɓa madubin dama, ya zagaya ya taɓa na hagu. Ya ɗaga kai ya dubi inda rufi ya kamata ya kasance. Daga nan ya sara wa Baba, ya ajiye makulli a kan kujera, ya kama hanya da ƙafa.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Kowane kaya a bariki yana da lambarsa, kuma lambar tukunyar da ta motar ba su bambanta ba sai a haruffa biyu na ƙarshe. Akawun sito ya juya su a babban littafi, hafsa ya buga hatimi, shi ke nan. Sau uku Baba yana komawa. Na farko aka ce akawu ya tafi cin abinci. Na biyu akawu ya ce shi ma ya ga abin da mamaki, amma littafi ba ya kuskure, sai dai kaya su yi kuskure. Na uku aka ce hafsan da zai iya warware hatimin an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai yarda ya warware abin da ba shi ya ƙulla ba.

Baba ya dawo ya yi fushi da motar, fushi irin na mutum da mutum. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "waccan". In zai fita sai ya bi ta jikin bango don kada rigarsa ta goge ta. Ya koma yi mana girki a ƙananan tukwanen Inna, amma hannunsa ya saba da awon mutum ɗari shida, saboda haka wata uku muka yi muna cin shinkafa da hawaye saboda gishiri. Kaka, mahaifiyarsa, ta ce mu yi haƙuri, wanda aka raba da abokin zamansa ba a yi masa gyara.

Ni kuwa duniya ta yi mini daɗi. A cikin motar na yi wayo. Har yau in na ji warin baƙin mai ya haɗu da na tampol mai zafi, sai in ji cinyoyina suna ƙuna, don kujerar da rana ba ta zaunuwa sai an shimfiɗa zane. Akwai wani rami a ƙasanta, daidai ƙafar mai zaman gaba, ta nan nake kallon tururuwa. Akwai wani maɓalli ja da ba wanda ya san aikinsa. Kaka ta hana ni taɓa shi, ta ce abin soja ne, wa ya sani ko gari zai tashi. Na danna shi ya fi sau ɗari, gari bai tashi ba.

Inna ce ta tayar da motar. Mahaifinta direban tifa ne, ’ya’yansa shida duk mata, don haka a kan cinyarsa ta koyi sitiyari tun ƙafarta ba ta kai birki ba. Wata safiya ta ɗaura ɗankwali tamau, ta buɗe bonet, ta hura wani abu, ta buga wani abu da dutse, motar ta yi tari sau biyu ta kama. Washegari ta je ofishin lasin don a ba ta lamba. Mutumin ofishin ya karanta takardar, ya fito ya dubi motar, ya koma ya sake karanta takardar, ya ce ya yi shekara goma sha huɗu a kujerar nan bai taɓa yi wa tukunya lamba ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Haka Inna ta shiga titi ba lamba. A mahaɗar kasuwa wani ɗan sanda mai ba da hannu ya tare mu, ni ina gaba, Kaka tana baya riƙe da buhun albasa. Ya nemi takardu, Inna ta miƙa. Ya daɗe yana karantawa, leɓensa yana motsi. Ya ce ba lamba. Inna ta ce an hana ta, wai tukunya ce. Ya ce to ba a hawa titi da tukunya. Inna ta tambaye shi a wace doka aka rubuta. Ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu ya bi shi shafi shafi, motoci sun yi layi a bayanmu suna ta hon. Akwai hukuncin jaki, akwai na amalanke, akwai na keke mara fitila, babu na tukunya. Ya cire hula ya share gumi, ya miƙo takardar.

"Ki je, Uwargida. Amma a hankali a kwana, kada ta zube."

Kafin mako ya zagayo unguwa duk ta ɗauka. Mata su aiko a tambaya ko tukunya za ta asibiti yau. Mai faci ya ce shi ne mutum na farko a zuriyarsu da ya yi wa tukunya iska. Duk inda babbar mota ta kafe da damina, Inna ta bi ta gefe ta wuce tana watsa taɓo. Baba dai bai shiga ba. In za mu gidan Goggo gaba ɗaya, mu tafi a mota, shi ya taho da ƙafa, mu gama gaisawa mu sha ruwa kafin ya iso.

Shekara biyu ana haka, sai wani mai wanki da ke karɓar kaya a bariki ya gaya wa Baba cewa ya ga tukunyarsa, an shafa mata koren fenti. Baba bai ci abincin rana ba. Da la'asar ya ce wa Inna gobe za ta kai shi, zai ajiye musu waccan ya ɗauko abarsa ko da mirgina ta zai yi har gida. Inna ta ci gaba da tsince wake. Ta san in motar ta tafi ta tafi ke nan, amma ta ce to.

Ya sa tsohon kakinsa, ya hau baya ya zauna a kan jarka, ya juya wa hanya baya. A ƙofar bariki mai gadi ya duba takarda ya nuna mana hanyar kicin. Baba ya ce gareji za mu. Mai gadi ya ce tukunya ba ta zuwa gareji. Inna ta ce masa to, ta nufi kicin, da muka sha kwana ta karya ta bayan sito.

Tukunyar Baba tana nan a garejin, a layi, tsakanin manyan motoci biyu na ɗaukar soja. An yi mata fenti, an rubuta lamba da fari a jikinta, an sa katako gaba da baya don kada ta gangara. A gefenta wani tsohon kofur yana zaune a benci, hula a gwiwa. Tun kafin Inna ta kashe inji ya miƙe tsaye, fuskarsa tana kallon wani wuri kusa da mu amma ba mu ba.

Shi ne direban tukunyar. Tun da littafi ya ce mota ce, dole a ba ta direba, kuma shi aka ba, don shi ya tuƙa jif ɗin shekara goma sha tara. Kullum da safe yana goge ta, ya zagaya ta sau ɗaya, ya kai rahoto cewa lafiya lau take. Ya gaya mana, ba da alfahari ba, cewa shekara biyu a jere ita ke cin kyautar motar da ba ta taɓa haɗari ba.

Yana magana yana shafa jif ɗin da tafin hannu, daga fitila har tayar safaya. Baba kuwa ya jawo tsani ya hau, ya daɗe kansa a cikin tukunyar. Sannan ya sauko ya ɗauke ni ya zura ni ciki. Na tsaya a ƙasanta ina ganin sama kamar faranti. Na ce "Baba", muryata ta zagaya ta dawo mini da girma, na tsorata na fashe da kuka, kukan ma ya dawo da girma.

Da aka fito da ni, Baba ya faɗi abin da ya kawo shi. Kofur ya zauna a bencinsa. Ya juya hularsa a hannu, ya rage murya.

"Kuku, ni fa yanar ido ta rufe mini gani. Hannuna ma sai na kawo shi nan nake gani. Wata goma sha ɗaya ya rage mini. In ka dawo da ita, gobe za a ce in tuƙa."

Baba ya juya ya dubi tukunyar. Can ya tambaya ko za a bar shi ya yi girki a ciki sau ɗaya tak, ko ruwan zafi ne. Kofur ya ce ya yi haƙuri, hura wuta a ƙarƙashin motar soja babban laifi ne, har ɗauri ake yi.

Na zaci Baba zai yi faɗa. Maimakon haka sai ya kama hannun Kofur ya kai shi kunnen hagu na tukunyar, ya ɗora yatsunsa a kan wata tsaga, ya ce nan ruwa ke kwanciya, a riƙa shafa mai kada tsatsa ta ci. Ya ce fentin nan ma kada a bari ya shiga ciki. Kofur ya yi ta gyaɗa kai. Shi kuma ya juya wajen Inna ya ce ya ji tun daga nesa tana saurin barin giya ta biyu. Inna ta ce giya ta biyun ce ke saurin barinta. Suka yi musu kamar sun san juna tun yarinta. Na tambaye shi aikin jan maɓallin, ya ce shi ma haka ya same shi.

A hanyar dawowa Baba ya zauna a gaba, ni a cinyarsa. Da muka kusa gida ya ce wa Inna ta rage gudu, ba gobara za mu kashe ba. Bayan sati biyu ya sami aiki a kicin ɗin wata makarantar kwana, inda gishirinsa ya yi daidai da yawan mutane.

Kofur ya cika watanninsa lafiya. Asabar ta farko bayan ritayarsa ya zo gidanmu da sanda, ya ce abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya riƙe sitiyari sau ɗaya. Kaka ta ce in dai da ranta ba da jikarta a ciki ba, don haka ni da ita da Baba muka tsaya a bakin filin ƙwallon makarantarmu, wanda ba kowa ranar. Inna ta zauna a gefensa tana cewa dama, hagu, miƙe. Ya yi zagaye uku sumul, yana canza giya ba ko ƙara, bakinsa a buɗe yana dariya. A na huɗu Inna ta ce dama, ya ce ya fi ta sanin motar nan, ya yi hagu.

Turken gola ya kwanta a hankali, raga ta lulluɓe su su biyu kamar kifi. Ba wanda ya ji ciwo. Muna jin su daga ciki suna ci gaba da musun wa ya ce me. Baba ya kwance shebur daga gefen motar, ya auna inda ramin yake da ƙafa, ya fara haƙa. Sai da rana ta karkata muka tayar da turken, ni ina tura ƙasa da hannu, Kofur yana riƙe da shi yana tambaya ko ya miƙe. Bai miƙe ba, ya ɗan karkata ciki, amma Baba ya ce masa ya miƙe sarai. Ranar Litinin malamin wasanni ya tsaya gabansa ya daɗe yana kallo, kansa a karkace, sannan ya busa usur aka fara wasa.