Uku Cikin Ashirin

Ƙamus ya ajiye takardar a kan teburin Malama, ya danne ta da yatsa daidai inda jan biro ya rubuta uku cikin ashirin.

"Malama, wannan na zo a yi min bayaninsa."

Ba sunan yanka ba ne, Ƙamus. A ofis aka laƙa masa, don shekara ashirin da biyu ke nan duk wasiƙar Turancin da za ta fita daga ma'aikatarsu sai ta bi ta hannunsa, kuma bai taɓa yarda da gajeriyar kalma ba matuƙar akwai doguwa. Sunan ya yi masa daɗi har yana amsa shi a gida.

To, mutum irin wannan ne ya tarar da autarsa, 'yar aji biyar na sakandare, ranar Asabar da hantsi tana cizon biro a kan aikin adabin Turanci. An ce su yi sharhi a kan uban da ke cikin littafin da suke karantawa. Ya ce ta matsa. Ta ce, "Baba, ai na kusa..." Ya ce ta yi shiru, yana magana. Ya duba bangon littafin, ya karanta babi biyu na farko, ya cika shafi huɗu, ya sa ta kwafe da hannunta. Mako guda yana jiran ashirin cikin ashirin, har ya fara gaya wa abokan aiki cewa yarinyar shi ta gado. Sai ga uku.

Malamar adabin 'yar ƙaramar mace ce, tabarau a kan hanci, murya kamar ba za ta iya korar kaza ba. A kusurwar ɗakin malamai kuma malamin lissafi ne zaune yana duba littattafan yara, ko dai yana yin kamar yana dubawa.

"Sannu da zuwa, Baban Auta. Bismillah, ga kujera." Ta jawo wata takarda daga cikin fayil. "Ka gane wannan?"

Takardar ƙa'idojin aji ce, wadda take raba wa ɗalibai a farkon shekara su kai wa iyaye. Ga sa hannunsa nan a ƙasa, ƙato, har da jelar da yake ja masa. Ya tuna ranar. A tsaye ya sa shi, yana neman makullin ofis, ko layi ɗaya bai karanta ba.

"Ƙa'ida ta huɗu," in ji Malama, "mai ƙorafin maki, shi zai zo ya kare aikinsa da bakinsa. Ta bakwai kuma, duk aikin da wani ya yi wa ɗalibi sifiri ne, kuma ɗalibin ba zai zauna jarrabawar ƙarshen shekara ba. Wanda bai zauna ba kuwa, sai maimaita aji. Don haka kafin mu fara, Auta ce ta rubuta wannan?"

Ƙamus ya sake duban takardar. Maimaita aji! Da wane bakin zai gaya wa uwar yarinya?

"Rubutun wa kika gani a jiki?" ya ce.

"Hannunta ne."

"To, ai shi ke nan."

Aka aika aji aka kira Auta. Ta shigo ta gaishe su, ta tsaya jikin ƙofa, hannuwa a baya, idanu a ƙasa. Malama ta gyara tabarau ta ɗauki takardar.

"Ga yadda ta buɗe: 'Ina mai matuƙar farin cikin gabatar da wannan sharhi domin samun kulawarki.' Yallaɓai, sharhin littafi na ce a yi min, ba neman hutun shekara ba."

Malamin lissafi ya yi tari.

"Ladabi ne wannan," in ji Ƙamus. "Tarbiyya ce."

"Kalmomi kuwa, ma sha Allah, kowace sai an huta a tsakiyarta. Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar, ta ce uban da ke cikin littafin abin koyi ne, namijin gaske, wanda in ya yi magana a gidansa ba mai ko motsi."

"To ƙarya ne?"

"Ta kai babi na uku kuwa?"

Ƙamus ya gyara zama. Bai san abin da ke babi na uku ba, kuma yanzu ya fara jin tsoronsa.

"A nan ake gane ba mai gaya wa bawan Allahn nan gaskiya a gidansa. Kowa 'to' yake ce masa, in ya juya baya a yi abin da ya kamata. Marubucin dariya yake yi masa tun daga shafin farko. Duk ajin sun gane, ban da mai wannan takarda."

"Haba Malama! Wannan fahimtarki ce! Abin da nake nufi a nan shi ne..."

Ya tsaya cak. Malamin lissafi ya ajiye biro gaba ɗaya, ya daina wahalar da kansa.

"Abin da wa yake nufi?" Malama ta tambaya a hankali.

"Ita. Abin da take nufi."

"Madalla. To tunda ita ce, uku ya zauna, kuma zan rubuta a rahotonta cewa ba ta karanta littafin ba."

Wallahi sai ya ji sanyi. Ukun banza, ai gara shi da maimaita aji. Ya juya wajen yarinyar, ya haɗe fuska, don a ga uba ne.

"Kin ji ko? Kin ja min kunya. Ku yaran yanzu ba ku karatu, sai waya. Daga yau ki riƙa kai littafi ƙarshe kafin ki buɗe baki!"

"To, Baba," in ji Auta.

Haka ta faɗa, a sanyaye, ba ta ko ɗago kai ba. Ya sha jin wannan amsar a gida, daga bakinta, daga bakin yayyenta, daga bakin uwarsu, kullum kuma daɗi take yi masa. Yau kam kunya ce ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Yarinya ta karanta littafinta tsaf, shi ya ture ta, ga shi kuma yana mata faɗa a gaban mutane.

"Malama," ya ce, murya ta sauka, "ni na rubuta. Ni na tilasta mata ta kwafe. Don girman Allah kada ki hana ta jarrabawa. In hukunci ne, ni za a yi wa."

Malama ta dube shi ta saman tabarau, ta ɗan jima. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takardar, ta shimfiɗa kusa da tasa. Hannun Auta ne, shafi biyu kacal. Sha bakwai cikin ashirin.

"Ranar Litinin takarda biyu ta kawo min. Ta ce wannan nata ne, wannan kuma an ce lallai ta kawo, ba ta iya cewa a'a. Makin nata na shigar a rajista tun tuni. Ɗayan kuwa na ga an sha wahala a kansa, na ce bai kamata ya tafi ba maki ba."

Ƙamus ya dubi 'yarsa. "Shi ne kika kawo min uku kika yi shiru?"

"Baba, cewa ka yi in kawo maka takardarka."

Malamin lissafi ya tashi ya fita da sauri, hannu a baki. Ana jiyo shi daga baranda.

Ƙamus ya miƙe zai tafi da ɗan guntun mutuncin da ya rage masa, sai Malama ta ɗauko littafin daga kan kantar littattafai ta miƙa masa.

"Saura ƙa'ida ta tara. Wanda ya ci ƙasa da rabi yana sake aikin cikin mako guda."

"Ni ai ba ɗalibinki ba ne."

"Duk wanda ya zo ƙorafin makina, ɗalibina ne. Shafi biyu sun isa, yallaɓai. Kuma ba sai ka yi min gaisuwa a sama ba."

Ya karɓa.

Auta ta raka shi har bakin ƙofar makaranta. Sai da ya sa ƙafa waje ya juyo, ya rage murya don kada maigadi ya ji.

"Ke, mutumin nan na cikin littafin... a ƙarshe ya gyaru kuwa?"

Ta dube shi, tana danne dariya da ƙyar.

"Baba, Malama ta hana a gaya wa wanda bai karanta ba."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta ruga aji. Shi kuma ya tsaya a bakin titi da littafi a hammata, ya makara zuwa ofis da awa guda, yana lissafin babi nawa mutum zai iya karantawa a lokacin hutun rana ba tare da 'yan ofis sun gani ba.