Dattijon da Ke Bayan Raƙuma

A shekarar 1998, wata ƙaramar jarida a Gumel ta sayi kwamfuta da na'urar shigar da hoto. Keziya, 'yar Filato da ta daɗe tana buga musu tafireta, ita aka koya wa aikin.

Wata Litinin da hantsi, Anas mai ɗauko labarai ya kawo hoton da ya ɗauka a kasuwar dabbobi ta Maigatari. Keziya ta shigar da shi, ta ƙara masa girma don ta gyara gefensa. Sai ga wani dattijo tsaye a bayan raƙuma, yana kallonsu.

Anas ya matso, ya ƙura wa hoton ido. "Malama Keziya, wannan Baffa Barau ne na Ɗanzomo, ƙanin mahaifina. Da ni aka binne shi da azumin bara."

"Ko dai kama ce?" in ji ta.

Suka duba hoton takardar. Babu kowa a wurin sai turke da igiya. Keziya ta goge na kwamfutar, ta sake shigarwa. Wannan karon dattijon ya fito gaban raƙuman, har ana ganin tabon da ke goshinsa.

Nan take ta zare wayar wutar kwamfutar. Jaridar makon ta fita babu hoto. Washegari Anas ya tafi Ɗanzomo ya yi wa baffansa addu'a a kabari, kuma bai ƙara ɗaukar hoto a Maigatari ba.