Na'urar da Ke Ƙarya Kafin Azahar

A shekarar da aka yi fari, lokacin da aka koro mutanenmu daga Legas kowa ya dawo yana neman aiki, Masahudu ne ke kula da na'urar gwaji a wani shagon gyaran injinan fanfo da ke unguwar Kanvili. Na'urar da kanta take aikinta. A maƙala mata inji, ta tada shi, ta auna wutar da yake ja, sai ta kunna koriyar fitila in lafiya, ja in da matsala.

Kwatsam ta koyi ƙarya. Inji guda, yanzu ja, an jima kore, allurar mita na rawa kamar ta ji ganga.

Manaja Andani ya nuna wa Masahudu mutum shida masu neman aiki da ke zaune a bakin ƙofa tun safe. "Masta, ka gan su? Duk sun iya aikin wayar wuta. Ka gyara ta zuwa Asabar, ko in ɗauki wani."

Masahudu ya canza wayoyi. Ya goge bakin maƙalai har suna ƙyalli. Ya zagi janareta, mai janareta ya rama. Da dabara ta ƙare, ya ɗauki alli yana zana wa bango lokacin kowace jar fitila. Kwana uku ya ga abin mamaki: da hantsi ƙarya tsagwaronta, bayan azahar da la'asar gaskiya kamar liman. Ran Juma'a kuwa, da kowa ya tafi babban masallaci, ja har yamma.

Adizatu mai koko ta leƙo ta ce, "To Masta, injin naka musulmi ne mana! Ka bar shi ya yi salla."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Ran Asabar da azahar fitila ta koma kore a gabansa, sai ya bi siririyar wayar da ta fita ta ramin bango, wadda ake ɗaure wa ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ya kwashe ɓatacciyar wuta. Yana zagayawa ya tarar da Baba Imoru maigadi a tsugune kan ƙarfen, buta a hannu, yana waige-waige.

"Ɗana, rufa mini asiri. Manaja ya hana alwala a nan, wai muna yi masa taɓo. Ni kuwa gwiwata ba ta kai ni can gindin mangwaro inda ya ce a koma."

Masahudu ya ƙwanƙwasa ƙasar gefe, ta bushe kamar dutse. Ashe da, alwalar mutum goma ce ke jiƙa ƙarfen kullum. Tun da aka kafa doka, sai ɗan ruwan da tsoho ke zubawa a ɓoye.

Ya kira Manaja. Suka jira ƙasa ta sha iska, fitila ta yi ja. Ya juye buta guda, ta yi kore. Manaja ya daɗe yana kallon butar.

"Baba Imoru," ya ce a hankali, "daga yau a nan za ka riƙa alwala."

"A'a, ranka ya daɗe, ni mai bin doka ne."

"Na janye dokar!"

"To a sa mini benci. Da inuwa."

Manaja ya juya wajen Masahudu, ya share gumi. "Masta, ran Litinin ka zo da wuri. Ka biyo da kafinta."